Raksha Ba Ta Hawa Gada

Mutumin Kano na wannan zamani ba ya tambayar nisan wuri, kuɗin adaidaita yake tambaya. Ka fito ƙofar gida, ka ɗaga hannu, ta tsaya. Daga Kurna zuwa Hotoro ita ce, daga Kabuga zuwa 'Yankaba ita ce. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko buhun masara daga Dawanau, ranar jajiberin Sallah kuwa har rago za ka gani kwance a kan ƙafafun fasinja. Mun saba da ita har mun manta jiya-jiyan nan ta zo. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo ta don mata su huta da hawa acaɓa, sai a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, gari ya zama nata ita kaɗai.

Da wannan idon na sauka Hartum a ƙarshen 2022, 'yan watanni kafin yaƙi ya afka wa birnin. Na je duba ɗan ƙanwata ne da ke karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya, inda 'yan Najeriya suka yi yawan da kana iya wuni ba ka yi Larabci ba. A unguwannin kudu, inda na sauka, na fara cin karo da ita: ƙafa uku, ƙirar Indiya, sak tamu, sai dai maimakon ruwan ɗorawa yawanci baƙa ce ko mai duhun launi. Raksha suke ce mata. Na ce alhamdu lillahi, gida na zo. Ashe da sauran kallo.

Suk al-Arabi ba irin Kwari ko Sabon Gari ba ce da za ka ce ga ƙofar shiga ga ta fita. Unguwa ce sukutum a tsakiyar Hartum, layi-layi na benaye masu baranda a jikin Babban Masallaci. Ga layin 'yan zinari yana ɗaukar ido, a ƙasar da ake bin layin burodi. Ga masu waya da caja, masu takalma, masu jallabiya da hula, masu littattafai a shimfiɗe a ƙasa, ga 'yan canji suna bin ka da raɗa. A kowace inuwa akwai mace zaune a kan 'yar kujera, gabanta gawayi da jerin kwalabe, tana zuba shayi da gahawa mai citta, turaren wuta na tashi. A wurinmu mai shayi namiji ne da ƙaton teburi da tulin ƙwai. A can sana'ar mata ce, kuma ba ruwansu da Indomie. Zoɓo, tsamiya, har 'ya'yan kukar da muke yin kwalba-da-nono da su, duk ga su nan a manyan kofuna da ƙanƙara.

Amma abin da ya fi haja yawa a kasuwar nan shi ne mota. Duk hanyoyin birnin nan suke zubewa, a tashar Jackson da ta Istad da wasu ƙanana da ke maƙale a layuka, shi ya sa ko'ina ka tsaya a Hartum za ka ji yaran mota na kiran abu ɗaya: "Arabi! Arabi! Arabi!" Na zaga har ƙafa ta gaji, na tsaya bakin titi na ɗaga hannu irin na gida. Tsofaffin tasi masu ruwan ɗorawa na wucewa, bas na wucewa, 'yan ƙananan motocin da suke kira amjad na wucewa. Sai a lokacin kunnena ya gane abin da ya rasa tun ɗazu: babu ƙarar ƙafa uku ko ɗaya.

"Wai ina raksha ta shige?"

"Kawu, ai ba ta shigowa nan. An hana ta tsakiyar gari. Manyan gadoji ma ba ta hawa."

"To mutum ya yi yaya?"

"Ya taka, Kawu. Ga tasha can."

Na dube shi, na dubi tumbina, na bi bayansa.

Kafin mutum ya gane wannan doka sai ya fara gane kogi. Abin da muke kira Hartum garuruwa uku ne da ruwa ya raba. Shuɗin Nilu ya gangaro daga tafkin Tana na Habasha, Farin Nilu ya biyo ta Uganda da Sudan ta Kudu, suka haɗu a wurin da ake kira Mugran, suka zama kogi ɗaya da ya nufi Masar. Hartum ɗin ainihi tana tsakanin kogunan biyu, Omdurman tana yamma, Bahri tana arewa. Mutum na iya kwana a Omdurman, ya yi aiki a Hartum, ya je gaisuwar mutuwa Bahri, duk a wuni ɗaya, kuma duk lokacin da ya motsa sai ya bi ta gada. Gadojin nan ba su da yawa. Ɗimbin mutane da safe su matsu a kansu su shiga, da yamma su matsu su fito. A Kano, in Ƙofar Nassarawa ta cushe, ɗan adaidaita ya san lungu bakwai da zai ɓulle. A nan babu lungu a kan ruwa.

Saboda haka aka raba aiki. Tafiya mai nisa ta hafla ce, wato bas mai cin mutum kusan talatin, da ƙanwarta Hiace. Mai sauri da ɗan abin hannu ya ɗauki shatar amjad ko ya kira mota ta waya. Raksha kuwa an bar mata unguwa.

Haflar ma makaranta ce. Yaron mota, kumsari a bakinsu, ba ya faɗa da kowa kuma ba ya yawan magana. Takardun kuɗi ya ninke su a tsaye ya saƙale tsakanin yatsu, kowane iri da gurbinsa. Lokacin karɓar kuɗi ya yi, sai ya ƙyasta yatsu yana nuna layin kujeru ɗaya bayan ɗaya, kuɗi su riƙa tafiya hannu zuwa hannu daga baya har su iso shi, canji ya koma ta hanyar da suka biyo, ba a rasa ko sisi ba. Wanda zai sauka shi ma yatsu zai ƙyasta, kumsari ya yi wa direba wani ɗan "kss-kss" ta tsakanin haƙora, mota ta tsaya. Ni da na saba in buɗe murya in ce "Akwai!" har na gefe ya firgita, sai na sami kaina, dattijo da furfura, ina gwajin ƙyasta yatsu a ƙarƙashin babbar riga, kuma abin bai ba da sauti ba. Wata tsohuwa da ke gefena ta lura, ta ƙyasta mini nata, ɗas, ba ta ko kalle ni ba.

Muka hau tsohuwar gadar Farin Nilu, wadda Turawan Ingila suka buɗe a 1928, ruwa ya buɗe dama da hagu har ido ya gaji. Muna sauka tashar Shuhada a Omdurman sai ga su, jere, sun kafa hanci a bakin titi, masu su na kwance a kujerar baya ƙafa a waje. Wanda ya sauko daga hafla da kaya ya shiga raksha, ta lula da shi cikin unguwa, ta dawo ta sake kafa hanci. Hafla ce ƙwarya, raksha ludayi: ba a zuwa sayen fura da ludayi, ba a kuma kafa kai a ƙwarya a gaban mutane.

Omdurman kamar don raksha aka gina ta, alhali ta girme ta da shekara ɗari. Bayan mayaƙan Mahadi sun ci Hartum a Janairun 1885, sai aka bar ta ta zama kango, aka mai da mazauni wannan ƙetaren. Mahadi ya rasu a shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi, jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina, kowace ƙabila ta kama gefenta ta ja katangar laka. Da Kitchener, jagoran rundunar Turawan Ingila, ya ci su a yaƙin Karari a 1898, ya koma ya sake zana Hartum da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, Omdurman kuwa ta ci gaba da zamanta yadda take. Shi ya sa in ka bar babban titi ka shiga tsofaffin unguwanni, sai ka rantse bayan Kurmi kake ko Fagge: katanga doguwa, ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, dalbejiya ta leƙo daga tsakar gida, randunan ruwa a jere a inuwa da moɗa a kai don mai wucewa ya sha. Hafla ba ta da abin da za ta shiga yi a nan, in ma ta shiga ba za ta iya juyawa ba.

A bakin ruwa na fi jin daɗin abin. Da sassafe muka je Maurada, kasuwar kifi, inda ake zube karfasa da giwan ruwa a kan buhu, wani giwan sai mutum biyu sun kama. Mata cikin laffaya kala-kala su yi ciniki, a kankare musu, a zuba a leda, su tattare bakin laffaya su shige raksha. Tafiyar ba ta fi mutum ya karanta Tabaraka ba, an iso ƙofar gida. Daga nan in ka bi gaɓar kogi ka yi arewa za ka wuce ragowar ganuwar laka ta zamanin Halifa, da ramukan da ake zura bindiga, har ka isa Abu Rof, inda ake sassaƙa jiragen ruwa da katakon bagaruwa, itacen da mu jima muka fi saninsa da ita. Duk tsawon wannan gaɓar raksha ce ke kai da kawo: ta ɗauko katako, ta ɗauko burodi, ta ɗauko tukunyar gas, ta ɗauko yara 'yan makaranta, ta ɗauko dattijo mai farin rawani da sanda zuwa masallacin da bai fi layi uku ba.

Wadda muka shiga daga Maurada ta isa a tsaya a kalle ta. Gilashin gaba an zagaye shi da tuntaye har sai direba ya ɗan sunkuya yake ganin hanya. Kujerar baya an lulluɓe ta da leda mai sheƙi, bayanta sifika biyu da suka kusa cin gurbin mutum. A jikin tayoyi an ɗaura wasu ƙarafa masu tsini da ke juyawa in tana gudu, ba su da aikin komai sai ado da tsorata ƙwaurin masu tafiya a ƙasa. An cire mata abin rage ƙara da gangan, don in ta taho a san ta taho. Ko'ina ja ne, da tauraro, alamar mai ita ɗan ƙungiyar ƙwallo ta Merrikh ne; da ɗan Hilal ne da shuɗi za ka gani. Da ya ji daga Najeriya nake, bai tambaye ni Buhari ba, bai tambaye ni fetur ba, sai ya saki sitiyari ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Kelechi!" Yana nufin Kelechi Osunwa, wanda ya buga wa ƙungiyoyin biyu ƙwallo. Na ce na san shi, don dai ya mai da idonsa kan hanya.

Ciniki kafin a shiga ake yi, kuma yawanci shata ce, kai kaɗai ko da naka, ba a tsayawa a cusa maka baƙo a cinya. Adireshi kuwa ba lamba ba ce. Ka ce gidan su wane, kusa da gidan burodi, ya gyaɗa kai. Ya san gidan da ake biki, ya san gidan da aka kafa rumfar makoki, ya san matar da za ta biya in mijinta ya dawo. Na gwada shi, na ce in na ninka masa kuɗi zai kai ni Arabi? Ya yi dariya ya ce, "Ya Haj, ka saya mini wata in an kama wannan?" Ya kai mu bakin babban titi, ya nuna mana inda za mu tsaya, ya juya. A raina na ce da ɗan adaidaitan Kano ne, da tuni mun kama hanya, in ya so a yi ta ta ƙare a gaban 'yan KAROTA.

Da farko abin ya yi mini kama da danniya. Talaka da sana'arsa, a ce ga inda zai taka ga inda ba zai taka ba? Amma da na tsaya kan gada da yamma na ga yadda motoci ke jan ciki, sai na yi lissafi. Hafla ɗaya tana ɗauke da mutanen da sai raksha tara ko goma za su kwashe. A sako waɗannan goman kan gada, kowace na kutsawa ta inda ta ga rata, a ninka sau dubu, to ba mai kwana a gidansa. Kada dai a ɗauka aljanna nake ba da labari. Motocin ba sa isa. Bayan la'asar a tashar Jackson na ga magidanta da jakar ofis suna bin hafla da gudu, samari na shiga ta taga, mata sun ja gefe suna jiran abin da Allah zai yi. Tsarin yana da kyau, abin da za a zuba a cikinsa ne ya yi kaɗan.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai Tuti ne, tsibirin da ke daidai mahaɗar kogunan. Kana tsaye a Titin Nilu, bayanka dogon otal ɗin nan mai siffar ƙwai da aka gina da kuɗin Libiya, gabanka gada mai rataye da igiyoyin ƙarfe. Ka tsallaka, sai ka ji kamar an kashe rediyo. Gonakin lemun tsami, fadamun ganye da kuɓewa da albasa, injin ban ruwa na bugawa daga nesa, masu yin jan bulo a gaɓa, jaki da amalanke, kuma duk wannan a tsakiyar babban birnin ƙasa. 'Yan ƙabilar Mahas ne suka zauna nan shekaru ɗaruruwa, tun ba a san za a yi wani gari wai shi Hartum ba. Sun yi suna wajen tare ambaliya da hannunsu. Ta 1946 har waƙa aka yi musu a kai, ta 1988 da ta 2020 ma sun kwana a bakin ruwa suna jera buhunan ƙasa. Har zuwa 2008 da aka gama gadar, da jirgin fito ake shiga Tuti, saboda haka garin ya ginu ba da mota a rai ba. Lungunansa in raksha biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja baya. Yara na ƙwallo a tsakiyar hanya, in sun ji ƙara su ɗauke ƙwallo, ta wuce, su ajiye.

Muna zaune a gaban wata mai shayi a gindin gadar, ɗan nawa ya ce, "Kawu, ka san irin wannan zaman a Amurka sai mai kuɗi?" Yana nufin garuruwan bakin teku inda abin hawan yau da kullum shi ne 'yar motar filin wasan golf, irin mai batir ɗin nan marar ƙofa da ake ɗaukar tsofaffi da ita a filin jirgi ko a Harami. Gaskiyarsa. A garin Avalon da ke tsibirin Catalina a gaɓar Kalifoniya an ƙayyade yawan motoci, mai son shigo da tasa sai ya yi shekaru a layin jira, saboda haka da 'yar motar golf ake zuwa kanti da makaranta. A tsibirin Bald Head na jihar Karolina ta Arewa mota ta gida ba ta shiga sam, a ƙetare ake barinta a hau jirgin ruwa. A San Pedro ta ƙasar Belize har cunkoson 'yan motocin ake yi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Discovery Bay a Hong Kong, inda aka tsayar da adadinsu a 500, har farashin guda ya haura dalar Hong Kong miliyan 2, kuɗin da zai sayi babbar mota ta nuna wa sa'a.

Me suke saye da wannan kuɗi? Titin da abin hawa ba ya gudu, inda yaro zai fita uwarsa ba ta dafe ƙirji ba, inda mai wucewa ba gilashi tsakaninsa da maƙwabci, dole ya yi sallama. Mutanen Tuti kogi ne ya ba su wannan kyauta, shi ya sa ba dukkansu suka yi murna da gada ba, don sun san bayan mota sai masu neman fili. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a rufe ba. Ta golf shiru take tafiya ba hayaƙi, raksha kuwa tana tafe tana tari. Waccan mai ita ke tuƙa kayarsa, ya ajiye a ƙofar gida ta wuni tana jiransa. Wannan tun asuba take juyawa, tana ɗaukar unguwa guda, kuma a bayanta akwai mai ita da ke jiran balas da yamma, akwai direba, akwai uwar direba da ƙannensa. Da yawan samarin da ke tuƙa ta sun yi karatu, wasu har jami'a, aiki ne babu. Ni dai a tsakanin biyun na fi ganin girman mai tarin.

Abin da ke cin su mai ne. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, tun daga nan ba a sake daidai ba. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam ɗin Sudan, dala ta tashi daga 55 ta koma wajen 375 a hukumance, a watan Yuni kuma aka cire tallafin fetur da dizal. Mu a lokacin da na je muna ta gardamar ko za a cire namu, ba mu san saura watanni ba. Direban raksha ya kan tashi da lissafi biyu, na balas da na galan, abin da ya ragu shi ne nasa. A wannan matsin ne wani ƙaramin kamfani a Bahri ya fara haɗa raksha mai batir, wata har da farantin sola a rufinta, wato dai 'yar motar golf ta biyo ta bayan gida ta iso bakin Nilu, ba don hutu ba, don fetur ya gagara. Matsalarta ɗaya da tamu: a caja ta da wace wutar?

Akwai kuma ranakun da gada ke rufe. Tun bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 har zuwa lokacin da na je, duk ranar da aka kira zanga-zanga akan toshe wasu gadojin, wani lokaci da kwantenoni, don kada jama'ar Omdurman da Bahri su isa fadar gwamnati. Irin wannan rana Suk al-Arabi takan yi tsit, shaguna a rufe, haflar da ta saba kiran Arabi ta rasa inda za ta. Birni ya rabu uku, kowa ya zauna inda ya kwana. Amma cikin unguwa ba abin da ya tsaya: ana kai burodi, ana kai mai ciki wurin ungozoma, ana zuwa ɗaurin aure. Ranar ce raksha ke zama sarauniya, kuma masu ita sun san haka, farashi ma ya sani.

Wani dare a Omdurman ƙamshin tsire ya ja ni gaban wani dattijo da ke juya tsinke a kan garwashi, ƙuli-ƙuli da yaji sak na gida. Na yi sallama da Hausa don gwaji, ya amsa da Hausar da rabon da in ji irinta tun kakata na raye. A Sudan aka haife shi, a Sudan aka haifi mahaifinsa. Hausawa da Fulani sun daɗe a ƙasar nan, wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu kuma noman auduga a Jazira ya riƙe su. Hira ta yi hira, na kawo masa ƙarar cewa a Arabi sai da na yi tafiyar ƙasa mai tsawo kafin in sami mota.

Ya juya tsinke ya ce, "Ɗana, daga ina zuwa ina?"

Na kwatanta masa.

Ya ce, "Kakana daga ƙasar Haɗeja ya tako har nan, da mata da yara da jaki ɗaya. Ƙara yaji?"

Na ce, "A ƙara, Baba."

Ina can labari ya iso mini cewa gwamnatin Kano ta hana adaidaita bin wasu manyan tituna daga 30 ga Nuwamba, bayan hana ta aikin dare da aka yi tun watan Yuli. Kafin a kwana biyu aka janye, don gari ya ɗauki zafi. Da ina gida da ina cikin masu zagi. Daga bakin Nilu kuwa sai na ga ba dokar ce marar kan gado ba, gaba aka sa a baya. A Hartum an iya ce wa raksha tsaya a unguwa ne saboda akwai hafla a bakin titi, komai tsufanta, komai ƙarancinta, da hanyarta sananniya da kuɗinta sananne. Mu kuwa mun bar kiya-kiya da hayis sun lalace, muka ɗora wa abin da aka ƙera don tafiyar layi biyar nauyin birni mai miliyoyin mutane, muka jefa shi tsakanin tirela da tankar mai a titin Zariya, sannan muna mamakin cunkoso da haɗari. Ni kaina da ke wannan magana, a gida ko masallacin Juma'a ba na takawa. Duk gwamnan da ke son raba adaidaita da babban titi, ya fara cika titin da bas tukuna, ya ga ko mutane ba su sauka da kansu ba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma tsakiyar Hartum ce ta fara ɗanɗanawa. Ɗan ƙanwata na cikin ɗaliban da aka kwaso a bas zuwa iyakar Masar, ya iso gida lafiya da jaka ɗaya. An wawashe Suk al-Arabi, layin zinari da na waya duka. Gadar Shambat da ta haɗa Omdurman da Bahri ta karye a Nuwamban shekarar. Tuti, wadda gada ɗaya ce hanyarta, ta zama kurkuku ga mutanenta, har daga baya kusan kowa ya fice, abin da ambaliya ba ta taɓa sa su yi ba. A Maris 2025 sojoji suka karɓe Hartum, jama'a sun fara komawa suna share gidaje, amma yaƙin bai ƙare ba a yammacin ƙasar. Mai karatu, in ka idar da salla ka sa mutanen Sudan a addu'a, akwai danginmu da yawa a cikinsu.